Ruwan Tanka a Gonar Ƙanena

Ƙanena ba wawa ba ne. Da wannan zan fara, domin waɗanda suka gan shi a fim suna cewa wayyo bawan Allah, waɗanda suka tashi da shi a gari kuma suna cewa sakarai, alhali duk cikinsu babu wanda ya goya shi. Ni na goya shi. Na san shi tun yana jiƙa mini baya.

Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Tun yana yaro haka yake. A ɗura masa magani mai ɗaci, ya haɗiye ya ce ba komai. A ƙwace masa rabonsa, ba komai. Har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Bakomai, Bakomai. Da ya girma aka ari fartanyarsa aka dawo masa da ƙota, aka ari jakinsa aka dawo masa da labari. Matarsa, wadda sana'arta saƙar tabarma ce, ta taɓa ce mini, "Yaya, wallahi da za a zo aron kan ƙaninki, tambaya zai yi ko a haɗa da hula."

Na ce, "Ke dai ki yi shiru ki gode wa Allah. Da yana iya cewa a'a, da har yanzu kina gidan ubanki."

Amma a gona ba a raina shi. Kuma duk sakin hannunsa akwai abu ɗaya da ya riƙe, irin geron Babanmu. Gero ne gajere, ba shi da kyan gani, zangarniyarsa ko kamu ɗaya ba ta cika kaiwa ba, ba ya cika rumbu. Amfaninsa guda, yana saurin nuna. Kafin sauran su gama miƙe tsawo shi ya yi ƙwaya ya huta. A shekarun da ruwa yake zuwa yadda ya kamata mutane duk suka watsar da shi, suka koma wa dogon iri mai cika ido, suna yi wa ƙanena dariya wai yana noma geron tsuntsaye. Shi ko kowace kaka sai ya bi gonar kafin girbi, ya zaɓi zangarniyun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye can ƙololuwar rumbu. 'Ya'yansa sun girma sun tafi birni neman na kansu, babu wanda ya tsaya ya koyi zaɓen. Shi bai fasa ba.

Sai damina ta yi mana ƙarya. Wadda ta biyo bayanta ta fi ta iya ƙarya, ta zo da tsawa da walƙiya kamar za ta tsaga gari, ta wuce ba ta jiƙa ko bayan akuya ba. Sama ta koma fara fat kamar tsohon kwano. Masu shanu suka kora su gaba, waɗanda ba su iya tafiya aka bar su a bakin hanya. Igiyar rijiya aka yi ta ƙara mata tsawo, da igiya, da tsumma, har da ɗankwalin wata. Abin da ya fi tsorata ni ba yunwar ba ce, shirun ne. Ka tashi da safe babu kukan tsuntsu, babu ƙarar turmi. Gari ya zama kamar gidan da ake jinya.

Da abinci ya ƙare mutane suka sauko da irinsu suka ci. Ba na zagin kowa. Wanda yaro ke kuka a kansa ba ya tuna baɗi. Da nasu ya ƙare suka tuna da geron tsuntsaye. Wannan ya zo ya ce ɗan kaɗan zai ajiye don shuka, wancan ya zo ya ce tsohuwarsa ba ta iya tashi. Ƙanena yana hawa rumbu yana saukowa, ina kallo ina cizon yatsa.

Rannan Maƙeri ya zo. Shi abokinsa ne tun suna yara, kuma shi gari ya ɗora a kan rijiya yana raba layi, saboda yana da murya da ƙirji. Ya ce ko cikin tafi ɗaya ne a taimaka masa. Ƙanena ya jingina tsani, ya buɗe rumbun ya ce ya hau ya duba da kansa. Maƙeri ya leƙa, ya sauko yana karkaɗe hannu. Babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ya ce Allah ya kawo mana sauƙi, ya tafi.

Ni kuwa na tare shi a bakin tsanin. "Ina irin Baba?"

"Yana inda ya dace, Yaya."

"Cikin wa ya dace? Wane ƙaton ka ɗura wa?"

Ya sunkuyar da kai. Na zage shi tas, na haɗa da ranar da aka haife shi, na koma ɗakina na yi kuka ba wanda ya gani. A zatona ya rabar.

Cikin bazara, lokacin da zafi ya kai inda ƙarfe ba ya taɓuwa, sai ga 'yan fim. Ba irin waɗanda ake ji da motoci da jama'a ba. Wata 'yar ƙaramar mota ce mai tari, ita ma aro, da mutum uku a ciki. Shugabarsu yarinya ce siririya mai ƙatuwar malafa, sai muka sa mata Mai-Malafa. Da mai riƙe kyamara, da wani dogo mai yawo da sanda an ɗaura mata wani abu mai gashi a kai kamar mushen kyanwa, wai da shi yake kama magana. A ajin makaranta suke kwana, su suke dafa abincinsu. Ta ce babu kamfanin da ya aiko su, su da kansu suka ga ya kamata duniya ta san halin da manoma ke ciki. Fim ɗin ma gajere ne, ba zai kai dahuwar wake ba.

Ta zagaya gidaje tana neman wanda zai tsaya a ɗauke shi. Wani ya ce ba za a kai talaucinsa kasuwa ba, wani ya rufe ƙofa. Da ta iso gidanmu kun san amsar da ta samu.

Ban ƙi yarinyar ba, in faɗi gaskiya. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ba ta toshe hanci, kuma idan ana magana tana saurare. Aikinsu ne dai abin dariya. Sun ɗauki rumbu a buɗe, sun ɗauki fason ƙafarsa, sun ɗauki tukunyar matarsa a kife. Ni ma aka zaunar da ni a kan turmi wai in kalli nesa.

Na ce, "Me aka ajiye a nesan?"

"Ba komai, Iya, kallo kawai za ki yi kamar kina tunani."

"'Yar nan, ni idan ina tunani bakina ne yake motsi, ba idona ba."

Dogon ya yi dariya har sandarsa ta shigo cikin hoto, aka ce a sake.

Da suka kusa gamawa ta ce saura ƙarshe. Ba ta son fim ɗin ya ƙare a kan rumbu wayam, tana son ya ƙare da mafarkin manomi: yana tsaye a gonarsa, sai ruwa ya sauko masa. Ta samo mai tanka a can bakin titi, zai kawo ruwa a fesa da tiyo sama ya zubo kamar na Allah. Abin da ya rage a tankar kuma na mutanen gari ne, kowa ya zo da abin ɗiba. Wannan magana ta zagaye gari kafin ta rufe baki.

Da hantsi tanka ta iso tana gurnani, gari kaf ya bi ta, mata da jarkoki, maza da bokitai, tsofaffi da butoci. Aka yi layi a bakin gonar ƙanena. Gonar tana da faɗi, amma Mai-Malafa ta zagaya ta zagaya ta je ta tsaya a can kwari, inda ƙasa ta ɗan lotsa, gindin wata busasshiyar bishiya mai rassa kamar yatsun kuturu. Ta ce nan ne. Hoton nan ya fi.

Na ga ƙanena ya tsaya cak. Ya ce, "Can sama ba zai yi ba, 'yata?"

"Can babu bishiya, Baba, kuma rana tana dukan kyamara." Sai ta dube shi da kyau, domin ba ta da garaje. "Ko akwai matsala ne? In ruwan zai ɓata maka wani abu a nan ka faɗa mini, wallahi sai mu haƙura da shi gaba ɗaya, tanka ta koma."

Tanka ta koma. Kalmar nan kowa ya ji ta. Jarkoki suka daina ƙara. Ya dubi layin, ya dubi Maƙeri da ke tsaye a gaba yana tsaron layin, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ba komai."

Aka kunna inji. Ruwa ya tashi sama ya baje ya zubo, ƙasa ta yi wani irin huci, ƙamshin nan da muka manta ya bugi hancin kowa. Wata tsohuwa a bayana ta fashe da kuka. An ce masa ya ɗaga fuska ya buɗe hannuwa, ya ɗaga, ya buɗe. Aka ce iska ta karkatar da ruwan, a sake. Aka ce ya matsa gabas, a sake. Ya matsa yamma, a sake. Duk inda ya matsa tiyo ya bi shi, har kwarin nan ya jiƙe sharkaf daga wannan baki zuwa wancan. Mai-Malafa ta tafa hannu ta ce ya yi, ya yi kyau sosai, Baba har hawaye ya kawo.

Da aka kashe injin ruwa ya fara nutsewa, sai ƙasa ta yi magana. Rairayin da ke sama ya kwanta, ƙananan lotsi suka fito, kowanne da ɗan ruwa kwance a cikinsa yana ƙyalli. Ba a warwatse ba. A jere, taki ɗaya tsakanin wannan da wancan, layi bayan layi har gindin bishiyar. Sawun dunduniya ne. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya san abin da yake kallo.

Binne ya yi. Wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a sare rami, a jefa iri, a take da dunduniya, a bar shi yana barci har ranar da ruwan gaske zai tashe shi. Ashe da ya ga ba zai iya hana kowa ba muddin irin yana rumbu, sai ya riƙa fita da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ba ya leƙowa, ya binne ɗan abin da ya rage a kwarin, ya bi da reshe ya share sawu. Ya kai shi inda in an roƙe shi zai iya buɗe rumbu bai yi ƙarya ba.

Masu layi suka zuba wa kwarin ido. Maƙeri ya taka har bakin layin farko, ya tsuguna, ya tona da yatsa, ya ɗago 'yan ƙwayoyi a jiƙe a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Har tsani ka jingina mini," in ji shi. Ya mayar da su ramin, ya rufe, ya koma wajen tanka ya ce a fara ɗiba.

Mai-Malafa ta zo wurina tana murmushi, murmushin yana gushewa. "Iya, me ya faru? Me ya sa kowa ya yi shiru?"

Na ce, "Kin tashi mai barci, 'yar nan. Iri in ya sha ruwa ya farka, ba ya komawa. Zai fito ya nemi na biyu. Kina da na biyun?"

Ta cire malafar. Sai a ranar na ga ashe yarinya ce ƙwarai. Ta juya wajensa. "Baba, na fa tambaye ka. Don me ba ka faɗa ba?"

Yana tsaye rigarsa na ɗiga. Ya ce, "Mutane sun riga sun zo da jarkokinsu."

Wannan rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin, wanda aka nuna wa rumbu wayam, yana tsaye a bakin tanka yana raba layi.

Ba a daɗe ba ƙwayoyin da ya binne suka fito. Na je da sassafe na tarar da shi a tsugune, kwarin nan ya yi tsiri-tsiri da kore kamar allurai. Tunda nake ban taɓa ganin shuka ta fito na ji gabana ya faɗi ba sai ranar. Ko'ina ja, ko'ina fari, sai wannan ɗan wuri shi kaɗai yana kiran duk mai baki a duniya. Awakin da suka rage, waɗanda ko tafiya ba sa yi sai da layi, suka shinshino shi daga gari. Ya sassaro ƙaya ya yi shinge har hannuwansa suka koma kamar an yi dambe da kyanwa. Sama kuwa ko gizagizai ɗaya babu.

Ya je rijiya ya tsaya a gaban Maƙeri ya roƙi ƙari. Shi da bai taɓa roƙon kowa ba.

Maƙeri ya ce, "Kowane gida da rabonsa. Naka in ka ga dama ka sha, in ka ga dama ka ba ƙasa. Ba ruwana."

"Irin nan in ya tsira na kowa ne."

"Da na kowa ne da kowa ya san inda yake. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Wata daga cikin layi ta ce, "A bar shi ya kira 'yan fim su yi masa hadari." Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki.

Muka koma rayuwar ɗigo. Ruwan da aka wanke kwano da shi, gona. Wanda aka yi alwala da shi a tare a kwarya, gona. Matarsa ta daina wanki, muka yi ta yawo da tsami kamar fatun jima. Yana ɗaukar tulu da ludayi, ya bi rami rami yana ba su kamar mai ba jarirai magani. Na lura rabonsa na sha ma can yake kai shi, leɓɓansa suka tsattsage, fitsarinsa na ji matarsa na cewa ya koma kamar jini. Na kai masa moɗa na tsaya a kansa.

"Shanye ina kallo."

"Na sha a gida, Yaya."

"Ƙarya ba ta karɓe ka ba, ka gwada ta sau ɗaya ka ga inda ta kai mu. Shanye, ko in ɗura maka kamar da."

Ya sha rabi, ya faki idona ya tuttular da sauran a gindin wata shuka.

Mai-Malafa ba ta gudu ba, wannan zan faɗa mata ko a gaban wa. Ta sallami abokan aikinta, ta tafi bakin titi ta yi ta fama har ta sake samo tanka. Amma wannan karon tankar ba ta kai gona ba. Tun daga mashigar gari mata suka tare hanya. Ba ihu, ba zagi. Jarkokinsu kawai suka jera a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, suka tsaya a bayansu da goyo. Direba ya yi hon, ba wadda ta motsa. Yarinyar ta sauko tana bayani, na shuka ne, za ta mutu, don Allah a yi haƙuri. Matar Maƙeri ta kwanto ɗan da ke bayanta, jikanta ne, ta miƙa mata shi, wuyansa yana lilo.

"Riƙe wannan tukuna, sai ki ƙarasa bayanin."

Ƙanena da kansa ya je ya buɗe musu famfon tankar. Aka ba shi rabon gida ɗaya kamar kowa. Washegari yarinyar ta tafi, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na ce ta tashi, ƙasa da zafi.

Daga nan sai ja da baya. Ruwan ba ya isar kwarin duka, sai ya zama dole a zaɓi wanda zai rayu. Kowace safiya ya tsaya a bakin layin shuka na waje, ya daɗe, sannan ya wuce shi da tulunsa bai ba shi ba. Kafin la'asar layin ya yi yaushi, washegari ya zama kamar gashin masara, iska ta kwashe. Sai ya ciro ƙayar ya matso da shingen ciki. Ya sake matsowa. Mutumin da bai iya hana maƙwabci fartanya ba, ga shi kullum yana hana abin da ya shuka da hannunsa ruwa. Ya daina magana. Ko sunan nasa aka kira sai dai ya ɗaga kai. Koren nan ya yi ta tsukewa har ya dawo bai fi faɗin ɗakina ba, a gindin bishiyar.

Rannan da la'asar gabas ta yi baƙi. Mutane suka fito suna nuna sama, wasu har sun fara jera kwanuka a bakin indararo. Ni da na dubi ƙasan hadarin na ga ja, na san ba ruwa ne a gaba ba. Irin iskar nan ce mai tafe da rairayi, wadda take yanke ƙaramar shuka kamar da reza ta kuma binne sauran. Na ce wa matarsa kwaso tabarmi. Ta kwaso duk abin da ta saƙa, har wadda ba ta gama ba. Shi kuma ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya ɗoro a ka. Muka kafa ƙyauren ta gabas muka tokare da itace, muka kewaye da tabarmi, muka zauna a kan bakinsu don kada iska ta ɗauke. Ni da tsufana, na ba gabas baya na dunƙule.

Ta iso da wani irin kuka. Rana ta ɓace. Rairayi yana dukan bayana kamar ana watsa mini garwashi, bishiyar tana ƙara a kanmu, wani reshe ya karye ya faɗo dab da ƙafar matarsa. Ina jin ta tana salati, ina jin shi yana cewa ku riƙe, ku riƙe. Na buɗe hanci ina neman ƙamshin ruwa a bayan ƙurar. Babu. Ta gama abin da za ta yi ta wuce, sama ta washe, ko ɗigo.

Da muka ɗaga tabarmin, shukokin gefe sun tafi. Na tsakiya suna nan, sun sunkuya, sun yi furu-furu. Ya kwanta rubda ciki yana hure musu ƙasa da bakinsa.

Ruwan gaske sai da aka fid da rai ya zo. Mutane suka bazama neman iri, aka samo dogon nan daga kasuwannin nesa, aka shuka a makare. Ya fito ya yi kyau, ya miƙe har ya wuce kan mutum, yana shirin fid da kai ruwa ya ɗauke. Haka gonaki suka bushe a tsaye, kara zalla, in iska ta bi ta cikinsu sai ka ji kamar ana raɗa. Geron tsuntsaye kuwa tuni ya yi ƙwaya. Ƙanena ya tare a gindin bishiyar nan, can yake ci can yake kwana, har ya yanke shi. Duka abin bai cika kwando ba.

A tsakanin nan Mai-Malafa ta turo fim ɗin a wayar malamin makaranta, ya kawo mana har gida. Ga rumbu, ga faso, ga ni a kan turmi kamar an ce mini an yi mutuwa. Daga ƙarshe ga shi nan fuska a sama, ruwa na zuba, hawaye na zuba. Malam ya ce an nuna shi a wani babban ɗaki a wata ƙasa, mutane sun miƙe tsaye suna tafi, wai ba su taɓa ganin farin ciki irin na fuskar nan ba. Ya ce ta ƙara rubutu a ƙarshe tana faɗin abin da ya biyo baya. Na ce to, Allah ya sa masu tafin sun tsaya sun karanta. Ƙanena ya kalla har ya ƙare, ya miƙa wayar, ya ce ruwan ya fito da kyau.

Ranar da ya yanke geron, bai kai shi rumbu ba. Ɗakina ya shigo da kwandon an rufe da tsohon zane, ya ajiye a gabana ya zauna a ƙasa. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"Yaya, ki riƙe."

"In riƙe in yi yaya da shi?"

"Har ruwa ya sauka. Ko ni na zo na ce ki ba ni, kada ki ba ni. In an shuka an samu, a raba wa kowa, Maƙeri ne farko. Amma kafin nan ko ƙwaya." Ya share fuska da tafinsa. "Za su zo. In suka zo wurina kin san abin da zai faru."

"Wato ni ce marar mutuncin gidan."

"Ke ce, Yaya."

Tunda aka haife shi bai taɓa faɗa mini maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na sussuke shi da hannuna a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Na gauraya da toka saboda ƙwari, na zuba a tulu, na yaɓe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gadona. Ban faɗa wa kowa ba, amma gari ba ya bukatar a faɗa masa. Mutanen da rabon su da gaishe ni tun mijina na da rai, yanzu kullum suna bakin ƙofata. Ina kwana Iya, ya ƙafa Iya, an ce kina tari Iya. Suna gaisuwa idanunsu na zagaya ɗaki. Nakan ce ƙafa lafiya, tari lafiya, a gaida gida. Wani ya kawo mini itace, na ce ya mayar, ban aike shi ba. An fara cewa mayya ce ni. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da yake hana ni shi ne rani ko rabi bai yi ba, rijiya ta fara fid da laka, tarin nan kuma da suke tambaya gaskiya ne akwai shi.

Jiya da azahar na ji sallama, muryar da na sani. 'Yata ce ta fari, daga garin mijinta, a ƙafa ta zo, da yara biyu. Can ma damina ba ta yi ba, in ji ta, mijin ya tafi neman aiki shiru. Ƙaramar ko kuka ba ta yi, kallo kawai. Na ba su ruwa, na ba su ɗan abin da ya kwana a tukunya, suka lashe har gindi. Uwar ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, daidai inda ake hango ƙarƙashin gado. Idonta ya sauka a kan tulun. Ni na haife ta, ba ta bukatar cewa komai.

Na tashi na koma bakin gadon na zauna, na sauke ƙafafuna ta gaban tulun, na baza zanena ya rufe. Sannan na tambaye ta ya hanya.